Yadda Ake Cin Rani da Motar Gida a Zangon Kawunti a Amurka

A gida in damina ta ɗauke aka gama girbi aka zuba hatsi a rumbu sai ka ga samarin karkara sun ɗaure 'yan kayansu sun nufi Kano ko Legas cin rani, toh Amurkawa ma suna da nasu cin ranin, sai dai su ba neman kuɗi ke fitar da su ba, sanyi ne yake koro su. Daga watan Nuwamba za ka fara ganinsu a manyan tituna, yawanci tsofaffi ne 'yan fansho daga Michigan da Minnesota da Ohio har da Kanada, kowa ya ɗauko gidansa a kan taya ya yi kudu, wasu Florida wasu Arizona wasu can ƙarshen Texas bakin iyakar Mekziko, kuma ba za su juyo ba sai Maris ko Afrilu in ƙanƙara ta narke. Har suna mutanen kudu suka sa musu, wai tsuntsayen ƙanƙara. Motar da suke yawon da ita RV ake ce mata, ni dai motar gida nake kiranta, akwai gado a ciki da kicin da firij da ɗan banɗaki, wata girmanta kaman babbar bas ɗin Legas, wata kuma tirela ce kawai da ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura. Tamu irin ta biyun ce, ƙafa 24, ta hannu muka saya, kuma tunda aikina na kwamfuta ne duk inda na samu intanet nan ne ofis, hunturu huɗu kenan ni da uwargida muna bin sahun tsofaffin nan.

Sayen motar ko ɗaukar hayarta ba wani abu bane, akwai Cruise America akwai Outdoorsy akwai RVshare, kuma yawancinsu lasisin tuƙinka na yau da kullum ya isa. Inda gizo ke saƙar shi ne ina za ka ajiye ta ka kwana, don ba ko'ina doka ta yarda ka faka ka yi barci ba. Akwai masaukan 'yan kasuwa, su ne masu kwamin wanka da ɗakin rawa, amma a Florida cikin Janairu wasu sai su caje ka sama da dala 100 a dare ɗaya, kuma a jera ku kaman kifin gwangwani, in ka buɗe taga bangon motar maƙwabci kake kallo. Akwai na gwamnatin tarayya da na jiha, suna da kyau wallahi amma duk duniya ta san su, kafin ka ce me sun cika. Sai na huɗu wanda mutane da yawa ma basu san da shi ba, shi ne zangon kawunti, kuma a kansa zan yi magana.

Kawunti kusan kaman ƙaramar hukuma ce a wajenmu, sun fi 3,000 a Amurka, a Louisiana kuma ba kawunti suke cewa ba, parish suke cewa. Bambancinsu da ƙananan hukumomin gida shi ne su suna karɓar harajin gidaje da kansu kuma suna da kuɗi, wasu har suna da manyan gandun daji da bakin teku nasu na kansu, su share fili a ciki su ja ruwa da wuta su ce mai motar gida ya zo ya sauka ya biya. Mafi yawan waɗanda na sauka daga dala 30 da 'yan kai ne zuwa 50 a dare, filin yana da faɗi, kuma da yake don mutanen gari aka yi su yawanci basu da nisa da kanti da asibiti da masallaci, saɓanin na tarayya da wani sai ka yi tafiyar awa guda kafin ka ga inda za ka sayi burodi.

Abu na farko da za ka sa a ranka, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Babu wani waje ɗaya da za ka shiga ka ga duka zangunan kawunti a jere, Recreation.gov na tarayya ne ba za ka same su a ciki ba, kuma katin nan na shekara na shiga gandun dajin tarayya baya aiki a nan ko kaɗan, kar ka je bakin get kana ɗaga shi. Kowace kawunti da nata shafin, da nata dokar, da nata yawan kwanakin. Yadda nake yi shi ne in ɗauki taswira in zaɓi garin da nake so, in duba sunan kawuntin da garin yake ciki, sannan in nemi sashensu na wuraren shaƙatawa a intanet. Wasu shafukan tsofaffi ne kaman tun zamanin da aka fara kwamfuta, in ka ga ka rikice kawai ɗauki waya ka kira, mutum ne zai ɗauka ba na'ura ba, kuma sau da yawa shi zai gaya maka wane fili ne yake da inuwa wane ne yake jikin bola.

Toh ina za a nufa? In kai mutumin sahel ne kana kewar busasshiyar iska, Arizona ce taka, ni kam ita ce zaɓina. Kawuntin Maricopa wadda birnin Phoenix yake cikinta tana da gandaye da suka zagaye birnin kaman ganuwa, duka-duka wajen eka 120,000. Ta gabas akwai Usery Mountain kusa da Mesa, fili 73 ne a zangon, sai McDowell Mountain wajen Fountain Hills, ta arewa akwai Cave Creek da Lake Pleasant mai babban tafki inda jakan daji suke yawo abinsu babu mai ɗora musu mangala, ta yamma kuma White Tank Mountain wanda ya fi duka girma, kusan eka 30,000, akwai wata 'yar hanyar ƙafa a ciki da za ka ga zanen mutanen da a jikin duwatsu. A duka waɗannan akwai filaye masu ruwa da wuta, akwai wajen wanka, akwai wajen zubar da tankin banɗaki. Cikin Janairu rana takan kai digiri 19 ko 20, dare ya sauko zuwa 7 ko ƙasa da haka, wato dai kaman hunturun Kano har ya fi shi sanyi, sai dai babu hazo.

Dokar Maricopa kwana 14 ne sai ka ɗaga, kuma a nan ne dabarar take. Tunda gandayen suna da yawa kuma duk hukuma ɗaya ce, sai ka yi sati biyu a Usery, ka ɗaura tirela ka koma McDowell sati biyu, daga nan Cave Creek, daga nan White Tank, kafin ka ankara ka ci wata biyu baka bar gefen Phoenix ba, kuma tsakanin wannan da wancan tafiyar awa ɗaya ce ko ɗaya da rabi. Tsofaffin nan haka suke yi duk shekara, wani dattijo ɗan Kanada ne ya koya min, ya fito da wata kalanda ta takarda duk ya zane ta da biro kala-kala, ya ce shi tun watan Yuni yake fara cika ta.

Wannan maganar ta watan Yuni kar ka ɗauke ta wasa, da sanyin safiya ake kama fara. Maricopa suna buɗe bukin, wato kama fili, wata shida kafin ranar, ma'ana in kana son 15 ga Janairu to tun 15 ga Yuli za ka zauna gaban kwamfuta, lokacin kana cikin zufa ko tunanin sanyi baka yi. Ka buɗe asusu a shafin tun kafin ranar, ka saka katinka, ka rubuta lambobin filaye uku ko huɗu da kake so a takarda don in na farko ya tafi kar ka tsaya dube-dube. Fabrairu da Maris su suka fi wuya a Phoenix saboda ƙungiyoyin wasan besbol suna zuwa atisaye garin ya cika maƙil. In ka makara kuma kar ka fid da rai, tsofaffi ne yawancin masu kamawa, wani ciwon gwiwa ya taso wani jika ta haihu, kullum ana sokewa, ni sau biyu ina samun fili mai kyau saura kwana goma saboda ina leƙawa safe da yamma kaman mai jiran sakamakon jarabawa. Sannan tsakiyar mako ya fi sauƙi, Juma'a da Asabar 'yan gari ne ke cike wajen da yaransu.

In ka gangara Tucson kuma kawuntin Pima ce, suna da Gilbert Ray a cikin Tucson Mountain Park, fili 130 a tsakiyar dogayen kaktos ɗin nan masu hannuwa da ake kira saguwaro, ga gidan ajiye namun hamada na Arizona-Sonora nan kusa ga gandun Saguaro na tarayya. Amma ka san abin da za ka tarar, wuta kawai ce a filin mai amp 30, ruwa sai ka je famfo ka cika tankinka, babu wajen wanka, kuma kwana 7 ne kacal. Tucson ta fi Phoenix tudu don haka darenta ya fi sanyi. Kuma don Allah kar ka biye wa taswirar waya ta bi da kai ta Gates Pass, hanya ce siririya mai lanƙwasa a kan dutse ba ta babbar mota bace, ka zagaya ta Ajo Way ka hau Kinney Road. Ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ana babbar kasuwar duwatsu masu daraja a Tucson, 'yan kasuwa daga ko'ina har daga Afirka, lokacin ko ɗakin otal wuya yake.

Uwargida ita Florida take so, ta ce ita bata baro gida ta zo Amurka don ta sake kallon ƙaya da tsakuwa ba. Gaskiya Florida ta fi ɗumi musamman kudancinta, a Miami rana takan kai digiri 24 a Janairu, kuma kawuntocinsu suna da zanguna sosai. Wanda ya fi suna shi ne Fort De Soto na kawuntin Pinellas a kudu da St. Petersburg, tsibirai biyar ne a haɗe, akwai tsohuwar ganuwar soja da aka fara ginawa a 1898 lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya, zangon ya haura fili 230 kuma da yawansu bakin ruwa suke. Matsalar ita ce 'yan kawuntin ana basu dama su kama tun wata bakwai, kai baƙo sai wata shida, kaga kenan abin da suka rage kake samu. A Miami akwai Larry and Penny Thompson jikin gidan zu, shi har bututun banɗaki akwai a kowane fili kuma ana iya biyan wata. Broward suna da Markham da T.Y. da C.B. Smith da Easterlin, Palm Beach suna da John Prince a Lake Worth, in kuma kana son ka ga tashin roka daga kan kujerarka to Manatee Hammock na kawuntin Brevard a Titusville, tsallaken ruwa ne da cibiyar harba roka ta Kennedy. Sai dai kafin ka sa rai a wani zango na bakin teku ka tabbatar a buɗe yake, lokacin guguwa daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma a 2024 Helene da Milton sun yi wa gaɓar yamma ɓarna har wurare suka daɗe a rufe ana gyara.

Texas kuma ita ce ta mai son ya zauna waje ɗaya ya huta da ɗaure-ɗaure. Kawuntin Cameron suna da Isla Blanca a ƙarshen tsibirin South Padre, babba ne filayen sun kai ɗaruruwa, ana biyan wata, ana kamun kifi, kuma daga nan kana hango wajen rokokin SpaceX na Boca Chica. Suna da Andy Bowie ma a tsibirin, da Adolph Thomae a Arroyo City. Amma iska fa, iskar wajen bata san wasa ba, in za ka fita ko na minti talatin ne ka naɗe rumfar motarka, sannan gishirin teku yana cin ƙarfe, in ka bar wajen ka wanke ƙarƙashin mota da kyau. Kalifoniya ta fi tsada a mai da komai, amma kawuntin San Diego suna da Agua Caliente a hamadar Anza-Borrego inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa aka yi masa kwami, da rani ma rufe shi suke saboda zafi, wato dama na hunturu ne. Riverside kuma suna da Lake Cahuilla a La Quinta.

Ga wani abu da su tsofaffin Turawan ba za su gaya maka ba don su bai dame su ba. Kudancin Texas da Arizona da Kalifoniya akwai shingayen jami'an kan iyaka a cikin ƙasa, ba a bakin boda ba. In ka taso daga South Padre za ka yi arewa dole ka bi ta Sarita a hanya ta 77 ko Falfurrias a ta 281, haka a I-19 kudu da Tucson da kuma I-8. Za su tambaye ka ko kai ɗan ƙasa ne. In girin kad gare ka, wato katin zama na dindindin, ya kasance a aljihunka, dama doka ce, in biza ce fasfo da takardunka su kasance kusa ba can ƙarƙashin gado ba. Wanda kuma takardunsa suke da 'yar matsala shawarata ya ga lauya tukuna.

Lokacin bukin ka karanta bayanin fili da kyau. Ka auna motarka da tef daga hancin tirela har bamba, kar ka yarda da lambar da ke rubuce a jiki don sau da yawa ta fi haka tsawo, sannan ka tuna a-kori-kurar ma tana son wajen tsayawa. Ka duba ko filin na shiga da ribas ne ko na wucewa kai tsaye, in kai sabon hannu ne ka biya ƙarin ka ɗauki na wucewa, aurenka zai fi zaman lafiya, don babu abin da ke haɗa miji da mata faɗa kaman ribas da tirela, tana baya tana cewa yi can yi can kai kuma baka san wane can ba. Mu yanzu waya muke kira ta tsaya inda nake ganinta a madubi, kuma ba hagu da dama muke cewa ba, ɓangaren direba ko ɓangaren fasinja. Ka isa kafin la'asar sakaliya, ranar hunturu gajeriya ce ƙarfe biyar da rabi duhu ya fara, wasu gandayen ma suna rufe get da daddare sai da lambar sirri, ka tambaya tun a hanya.

Wuta iri biyu ce, amp 30 da amp 50. Mai 30 wat 3,600 take baka, mai 50 kuma 12,000, tazarar ba kaɗan bace. Hita ƙarama ta lantarki wat 1,500 take ci, kaga in ka kunna ta ka kunna butar shayi ta lantarki uwargida ta jona abin busar da gashi to shikenan an ɗauke, mu da muka taso da NEPA ma abin ba baƙo bane, sai dai a nan kai ne ka jawo, ka fita waje cikin sanyi ka ɗaga makunnin. Ka sayi adafta na juya 50 zuwa 30 da 30 zuwa 50, ka sayi na'urar kare wuta da ake fara jonawa a jikin fol kafin waya, saboda wasu zangunan wayoyinsu sun tsufa. Ruwa kuma farin tiyo na ruwan sha daban, da ɗan abin rage ƙarfin famfo don kar ya fasa maka bututun ciki, da matata in Arizona ce don ruwansu yana da kanwa-kanwa.

Yanzu maganar tanki, wadda mu ta fi shafa. Tanki uku ne a motar, na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayan gida. Bature takarda yake amfani da ita don haka nasa tankin sai ya yi sati bai cika ba, mu kuwa da buta da alwala sau biyar, ga wanke shinkafa ga wanke nama, namu kwana uku zuwa huɗu ya cika. Yawancin zangunan kawunti babu bututun zubarwa a fili, waje ɗaya ne a bakin fita, ma'ana sai ka ɗaura tirela ka ja ta can ka dawo ka sake ribas. Hunturunmu na farko ban san haka ba, cikin dare na ga ruwa yana tasowa ta ramin wajen wanka, abin dai ba daɗin faɗa. Maganin shi ne ka sayi ɗan tanki mai taya da ake ja da hannu, sannan wanka da bayan gida da rana ku riƙa zuwa na zangon da butarku, alwala kuma a roba ake yi a kai wajen zubarwa, kar ka watsar a ƙasa don wurare da yawa sun hana. In za ka zubar ka sa safar hannu, ka fara buɗe na bayan gida ya gama, sannan na wanka ya biyo ya ɗauraye tiyon. Ko ka samu fili mai bututu kar ka bar bakin na bayan gida a buɗe, ruwan zai tsiyaye sauran ya daskare a ciki, ka bari ya kusa cika tukuna. Kuma ka guji safiyar Lahadi, layi ne kaman na gidan mai.

Kar ka ji an ce kudu ka ɗauka babu sanyi. Fabrairun 2021 sanyi ya sauko har ƙarshen Texas, wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, bututu suka farfashe. Duk daren da aka ce zai kai digiri sifili ka cika tankin ciki, ka kwance tiyon waje ka zazzage shi, ka buɗe ƙofofin kabad na ƙarƙashin wajen wanke-wanke don ɗumi ya shiga. Hitar lantarki ta fi arha tunda ka riga ka biya kuɗin wuta a cikin kuɗin fili, amma a irin wannan daren ka kunna ta gas ɗin motar don a motoci da yawa ita ce take hura ɗumi wajen tankuna, kuma silindarka ta kasance a cike kafin sanyin ya iso, in ya iso kowa layin gas yake. Abu ɗaya da zan roƙe ka, al'adar nan ta shigar da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu kar ka kawo ta cikin motar gida, haka kunna murhun girki don jin ɗumi, ɗakin ƙarami ne a toshe hayaƙin da baka gani baka ji shi ke kashewa. Ka gwada na'urar gargaɗin hayaƙi kafin ka baro gida ka canza mata batir. Turaren wuta ma uwargida a waje take kunnawa tun ranar da ya tada mana ƙararrawa da asuba maƙwabta suka fito da tocila.

Hanyar zuwa ita ma da nata. In daga arewa ka taso motarka tana da wani ruwa mai launin ruwan hoda mai hana daskarewa a bututu, ka bar shi a ciki, ku tafi da ruwa a jarka, sai ka shiga inda dare baya daskarewa sannan ka wanke bututun ka cika tanki. Mai zuwa Florida daga Michigan ko Ohio I-75 ce, daga New York I-95, mai zuwa Texas daga Minnesota I-35. Mai zuwa Arizona kuma in ya bi I-40 zai ratsa Flagstaff, tudu ne wajen mita 2,100 ƙanƙara na zuba sosai, daga nan kuma gangara ce doguwa a I-17 har Phoenix wadda in baka sa ƙaramar giya ba birki zai yi hayaƙi, ni gara in ƙara tafiya in sauka I-10 ta El Paso. Da tirela mil 300 a rana ya ishe ka.

Kowane allazi da nasa amanu. A Arizona akwai wani kaktos mai suna coya, ƙarangiya ce ta je jami'a, ka ɗan goge shi kawai sai guntu ya ɓalle ya manne maka, kar ka sa hannu, mataji ake sawa a ƙarƙashi a fizge, don haka ka riƙa yawo da mataji a aljihu kuma silifas ba na wajen bane. Akwai ɓerayen hamada da ke shiga injin mota su ci waya, shi ya sa za ka ga mutane sun bar bonet a buɗe da daddare sun shimfiɗa fitila a ƙarƙashi, kai ma yi haka. Akwai wasu dabbobi kaman aladen daji da ke yawo garke-garke, da diloli masu kuka cikin dare, kar ka bar abinci a waje. In aka yi ruwan sama kar ka ratsa kwari mai gudu ko ya yi maka kaman kaɗan ne. A Florida kuwa duk ruwan da ba na teku ba ka ɗauka akwai kada a ciki, ka riƙe yara, ga wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ke ratsa ragar taga da magariba, ga dabbar nan rakun da ta iya buɗe kula kaman mutum.

Salla ba matsala, alƙibla a Amurka arewa maso gabas take, ni a gefen tirela nake shimfiɗa darduma kuma har yau babu wanda ya taɓa ce min kanzil, sai ma tambaya bayan na idar. Daga Usery ko McDowell muna zuwa Juma'a a masallacin Tempe, a Tucson akwai babba jikin jami'ar Arizona, nan kusa za ka samu shagunan naman halal ka cika firiza. A South Padre da Agua Caliente kam sai ka shigo da kayanka, mu da garin tuwo da kuka da daddawa da yaji muke tahowa tun daga gida. Shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, kuma azumi a hamadar Arizona cikin sanyi da gajeriyar rana wallahi kaman kyauta ne, sai dai ku yi sahur a hankali don daga ƙarfe 10 na dare zuwa safiya lokacin shiru ne, babu janareto babu buga ƙofa babu daka a turmi. A kowane zango akwai wasu ma'aurata 'yan sa kai da ke zaune a motarsu kusa da get suna kula da waje a madadin kuɗin fili, ranar da ka isa ka je ku gaisa, su suka san wanda zai tashi gobe da filin da aka soke, mu har ƙosai uwargida ta taɓa kai musu washegari matar ta zo da littafi tana tambayar yadda ake yi.

Ranar komawa arewa kuma kar ka bari sai ka shiga sanyi, tun kana Georgia ko tsakiyar Texas ka zubar da duka tankunan, ka buɗe tukunyar ruwan zafi ta tsiyaye, ka sake ɗura ruwan hodar a bututu galan biyu ko uku, ka zuba kaɗan a kowane rami na wanke-wanke da na wanka, don ƙarshen Maris a Ohio dare yana iya daskarewa har yanzu.